Yaya zan kulle fayilolina a kwamfutar da duk gida ke amfani da ita?

Ummu_Nana ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana harkar kwamfuta ku taimaka min da shawara. Laftof ɗaya gare mu a gida mai Windows 10, kuma kowa yana taɓa ta, ni da maigida da ƙannensa biyu da ke zaune tare da mu, har yara ma suna hawa kallon katun ko buga gem. Akawun ɗaya ne a kai babu ko faswod, kana ɗaga murfi ka shiga. Toh ni ina ajiye abubuwan da ba na son kowa ya gani, ba wai wani abin kunya ba ne, takardun banki ne da hoton fasfo da katin shaida da na yi sikanin, sai sakamakon gwajin asibiti, da kuma takardun wajen aiki masu ɗauke da bayanan mutane wanda amana ce a hannuna. Abin da nake yi yanzu shi ne na zuba su a wata folda na ba ta suna mara jan hankali na cusa ta can cikin wata foldar, sannan wata ƙawata ta nuna min yadda ake ɓoye folda ta daina fitowa gaba ɗaya. Hakan ya isa? In bai isa ba me zan yi wanda ba sai na sayi wata kwamfutar ba, kuma ba mai wahala sosai ba don ni ba gwana ba ce. Kuma ba na so abin ya zama kamar ina zargin wani a gidan. Na gode.

Ɗan_Waya ya rubuta:

Wslm anti. Ai tunda kin ɓoye foldar kin gama, waye zai tsaya neman abin da bai san da shi ba. In kina son ƙari ki sauke irin manhajojin nan masu sa wa folda faswod suna nan birjik kyauta, sannan in za ki shiga banki ki riƙa buɗe Incognito. Shi ke nan fa.

Injiniya_Bash ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan_Waya ka yi haƙuri amma ban yarda da kai ba ko kaɗan. Ɓoye folda a Windows labule ne kawai aka saki, ba ƙofa aka kulle ba. Duk wanda ya buɗe File Explorer ya shiga View ya danna Hidden items, foldar za ta fito fili, kuma yaran yanzu ba sai an koya musu wannan ba. Ko bai yi hakan ba, takardar da kika buɗe jiya sunanta na nan a jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan, a Quick access da kuma cikin Word ɗin kansa, danna ɗaya ya shiga. Su kuma manhajojin kulle folda na kyauta, da yawansu ɓoyewar nan dai suke yi su ɗora akwatin faswod a sama don ido, fayil ɗin yana nan yadda yake a kan disk, wasu ma talla da tarkace suke shigo maka da su.

Hajiya, aikin hawa biyu ne, kuma na farko ko sisi ba za ki kashe ba.

Na farko a raba akawun. Ki shiga Settings, sai Accounts, sai Family & other users, a buɗe wa kowa nasa da faswod ɗinsa. Windows tana ba kowane akawun nasa Desktop da Documents da Downloads, wani ba ya leƙa na wani. Amma ga inda mutane ke tuntuɓe: akawun iri biyu ne, akwai na admin akwai na gama-gari wanda suke kira Standard. Mai Standard in ya yi ƙoƙarin buɗe foldarki za a tare shi a nemi faswod ɗin admin. Shi kuwa admin saƙo kawai zai fito masa cewa ba shi da izini, da maɓallin Continue a ƙasa, yana dannawa ya shige kuma daga ranar izinin ya zauna masa. Yana ma iya canja miki faswod ɗinki. Don haka in kika buɗe wa kowa akawun amma duk aka bar su a admin, ba a yi komai ba. Wannan akawun ɗaya da kuke amfani da shi yanzu kusan tabbas admin ne, tunda shi aka fara buɗewa. Shawarata ki buɗe sabon admin mai faswod, ki buɗe naki daban ki kwashe kayanki zuwa can, sannan a mayar da tsohon ya zama Standard a bar wa yara da samarin. Riba biyu ke nan, don yara ba za su ƙara iya girka kowane irin gem da suka ci karo da shi a intanet ba sai an sa musu faswod, kuma ta nan bairos kan shigo kwamfutar gida.

Sai ki saba da danna maɓallin Windows tare da L duk lokacin da za ki tashi, ko da ruwa za ki sha. Nan take take kulle sikirin.

Hawa na biyu shi ne ainihin maganar. Raba akawun doka ce da Windows ke kiyayewa, tana aiki ne muddin Windows ɗin ce ke gudana. Wanda ya san kan abin zai iya tada kwamfutar da filash mai ɗauke da Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta da ba Windows ba, ko ya zare had disk ɗin ya jona a wata na'urar, ya karanta komai ba tare da an tambaye shi faswod ba. Mai gyara ma haka, ranar da laftof ta lalace kika kai ta. Abin da ke maganin wannan shi ne a hargitsa bayanan da kansu da lissafi ta yadda in babu faswod ɗin, ko an buɗe fayil ɗin shirme kawai za a gani. Don irin buƙatarki ni VeraCrypt nake ba mutane shawara. Kyauta ce, lambobinta a buɗe suke masana na dubawa, ta fito a 2013 daga tushen TrueCrypt wadda masu ita suka daina kula da ita a 2014.

Yadda take aiki: kina danna Create Volume ki zaɓi a yi miki rumbu a matsayin fayil guda, ki faɗi girmansa, misali giga 5, ki sa faswod, za ta ce ki yi ta jujjuya linzami a kan sikirin na ɗan lokaci, daga wannan motsin take samo bazuwar da take ƙulla mabuɗi da ita, sai ki danna Format. An gama. Abin da za ki gani fayil ne ɗaya ƙato wanda babu manhajar da ke buɗe shi. In kina son kayanki sai ki buɗe VeraCrypt ki zaɓi fayil ɗin, ki zaɓi harafi kamar M, ki danna Mount ki sa faswod, sai ya fito a This PC kamar kin jona filash. Ki zuba, ki gyara, ki yi aikinki, in kin gama ki danna Unmount (Dismount a tsofaffin fitowarta) ya koma dunƙulen da ba ya karantuwa. Ko admin ba ya iya buɗe shi.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba, muddin rumbun a buɗe yake toh a buɗe yake ga kwamfutar baki ɗaya. In kika bar shi a buɗe wani ya yi Switch user ya shiga nasa akawun, zai iya ganin harafin M ɗin nan a wajensa. Ki shiga saitin VeraCrypt ki kunna rufewa da kanta idan an kulle sikirin ko an fita daga akawun, akwai ma inda za ki ce ta rufe in an ɗau wasu mintuna ba a taɓa rumbun ba.

Ummu_Nana ta rubuta:

Kai Injiniya Allah ya saka da alheri, wlh yanzu na gwada Hidden items ɗin nan sai ga foldar ta fito ɓaro-ɓaro. Amma ina da tambaya biyu. Wani a wajen aiki ya ce min BitLocker kawai zan kunna tunda tana cikin Windows, na duba ban gan ta ba. Na biyu kuma maigida ne ya sayi laftof ɗin, ba zai yi daɗi in ce shi ma ba zai zama admin ba, toh in shi admin ne ni ma admin ce akwai matsala?

Injiniya_Bash ya rubuta:

Ba ki gan ta ba ne wataƙila saboda Windows ɗinki Home ce. Cikakkiyar BitLocker tana zuwa ne a Pro da Enterprise da Education, ki duba Settings, System, About za ki ga wacce gare ki. Wasu na'urorin masu Home suna da ƙaramarta mai suna Device encryption. Amma ko kina da ita ba za ta warware miki wannan matsalar ba, don BitLocker a kan disk ɗin Windows gaba ɗayansa take kullewa kuma yawanci tana buɗewa da kanta yayin da kwamfutar ke tashi. Maganin ɓarawo ce da wanda ya zare disk, ba maganin wanda ke da akawun a kwamfutar ba. Tana da kyau a kunna in akwai, sai dai a adana mabuɗin ceto mai lambobi 48 da take bayarwa, in ba haka ba ranar da ta nemi shi za a yi kuka.

Maganar maigida kuma babu damuwa, ku zama admin ku biyu, ƙannen da yaran su zama Standard. Abin da ke cikin rumbun VeraCrypt ba ruwansa da waye admin. Iyaka dai admin zai iya ganin akwai wani ƙaton fayil, zai iya goge shi bisa kuskure in yana neman sarari, amma ba zai karanta ba. Ki faɗa masa kawai cewa wannan fayil ɗin na takardun aiki ne kar a taɓa.

Maman_Ilham ta rubuta:

'Yar uwa duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, ni dai zan ƙara ne ta ɓangaren da mu masu aikin ofis muke gani kullum, don sau da yawa ba ta rumbun ake kama mutum ba, ta ɓurɓushin da ya bari a waje ne. Kin sauke takardar banki daga imel, ta faɗa Downloads, kin kwafa zuwa rumbu kin kulle kin ji daɗi, alhali ta asalin tana nan zaune a Downloads. Kin yi sikanin katin shaida, manhajar sikana ta ajiye nata kwafin a Pictures ko Documents. Kin goge, ya tafi Recycle Bin yana jiran mai buɗewa. Kin tura firinta babu takarda a ciki, gobe wani ya sa takarda ya kunna sai ga sakamakon asibitinki yana fitowa a hannunsa. Don haka ranar da za ki kwashe kayan ki bi waɗannan wuraren ɗaya bayan ɗaya a tsohon akawun ɗin, har da Desktop, kuma daga yanzu in za ki sauke abu mai muhimmanci ki buɗe rumbun tukuna ki ajiye shi kai tsaye a ciki.

Sai birauza, wadda a ganina ta fi foldar haɗari. In Gmail ɗinki a buɗe yake a Chrome ɗin da kowa ke hawa, ai duk takardun da kike ɓoyewa suna cikin imel ɗin, ga Google Drive, ga hotunan wayarki in suna hawa Google Photos. Kuma in kin taɓa danna Save lokacin da ta tambaye ki ko ta adana faswod, ita da kanta za ta cike wa duk wanda ya zo. Ki fita daga duk akawun ɗinki a can, ki goge faswod ɗin da ta adana, ki canja na imel da na banki don ba ki san wa ya riga ya gani ba. Kar ki ce za ki buɗe wani furofayil a Chrome ki tsaya nan, furofayil ɗin Chrome ba shi da makulli, kowa na iya danna hotonki ya shiga. WhatsApp ma in kin taɓa jona shi a laftof ɗin ki duba Linked devices a wayarki ki cire. Shi kuma Incognito da Ɗan_Waya ya ambata, tarihin shafukan da kika shiga da makamantansu ne ba ya ajiyewa, duk abin da kika sauke yana nan a Downloads.

In kin ga VeraCrypt ta miki nauyi kuma takardun ba kullum kike buɗe su ba, kamar fasfo da katin shaida, manhajar dunƙule fayiloli mai suna 7-Zip ma ta wadatar. Ki danna dama a kan foldar, Add to archive, ki bar tsarin a 7z, ki sa faswod, tana amfani da tsarin hargitsa bayanai na AES-256 wanda ƙarfinsa ba wasa ba ne. Kar ki manta ki yi alama a Encrypt file names, in ba haka ba mutum zai ga sunayen fayilolin duk da ba zai iya buɗewa ba, kuma wani lokacin sunan kaɗai ya gama tona asiri, ki ɗauka an ga fayil mai sunan wani gwajin asibiti. Matsalarta dai ita ce duk gyaran da za ki yi sai kin fito da fayil waje kin mayar, ɓurɓushin da nake magana ke nan. Takardar Word ko Excel guda ɗaya kuwa tana da nata, File, Info, Encrypt with Password, kuma daga Office 2007 zuwa sama kullewar gaske ce.

Maganar faswod, don Allah kar ki sa sunan Nana da shekarar haihuwarta, mutanen gida su ne suka fi kowa sanin waɗannan. Ki haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, VeraCrypt ma za ta gargaɗe ki in bai kai harafi 20 ba. Kuma ki sani babu wani Forgot password a nan, babu kamfanin da za ki kira. Na san wata da ta kulle hotunan shekara da shekaru ta manta abin da ta sa, har yau fayil ɗin na nan tana kallonsa. Ki rubuta a takarda ki ajiye inda kike ajiye muhimman takardunki, ba a jakar laftof ba.

Batun kar a ga kamar kina zargi, ki fara da yaran. Ki ce za a raba akawun ne saboda kar su goge wa mutane aiki ko su jawo bairos, wanda gaskiya ne ma. Samarin nan kuwa ina tabbatar miki su za su fi kowa murna da samun nasu akawun mai faswod.

Ɗan_Waya ya rubuta:

Toh na karɓi gyara a kan ɓoye folda. Amma fa ni har yanzu ina ganin kun tsawaita, anti ta ce ita ba gwana ba ce kun jibgo mata karatu. Me zai hana ta sayi filash ta zuba kayanta ta jefa a jaka, kwamfutar ma ba ta san da su ba balle wani ya gani.

Injiniya_Bash ya rubuta:

Filash shawara ce mai kyau Ɗan_Waya, amma ba tsirara ba. Abin da ya fi komai saurin ɓata ke nan, a bar shi a jikin kwamfuta, ya faɗi a mota, wani ya ara zai kwafi fim, kuma duk wanda ya tsinta ya samu fasfo da takardun banki a haɗe wuri ɗaya. Ga shi suna mutuwa ba sallama. Inda filash zai yi amfani shi ne ajiyar kwafi na biyu: Hajiya ta rufe rumbun VeraCrypt ɗin, ta kwafi dunƙulen fayil ɗin yadda yake zuwa filash lokaci zuwa lokaci. In laftof ta mutu ko wani ya goge na ciki tana da shi, in filash ɗin ya ɓata wanda ya tsinta bai samu komai ba. Sai an rufe rumbun ake kwafa, kar a kwafa yana buɗe. In kuma 'yan takardu ƙalilan ne, OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, na da Personal Vault mai neman ƙarin tabbaci ta waya kafin ya buɗe, sai dai na kyauta fayil 3 kawai yake ɗauka.

Na ga Maman_Ilham ta taɓo gogewa, bari in ƙarasa. Ko an zubar da Recycle Bin, a tsohon had disk mai juyawa bayanan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu, manhaja irin Recuva tana iya dawo da su. Ki buɗe Task Manager ki shiga Performance, zai nuna miki disk ɗinki HDD ne ko SSD. In HDD ne, bayan kin gama kwashewa da gogewa ki buɗe Command Prompt a matsayin admin ki rubuta cipher /w:C:\ ki bar shi, zai bi duk sararin da babu komai ya rubuce shi, yana ɗaukar lokaci sosai don haka ki jona caja ki ƙyale shi, fayilolin da ke nan ba ya taɓa su. In SSD ne ba sai kin yi ba, shi da kansa yake share wuraren da aka goge.

Iyakar duk wannan ita ce kwamfutar kanta ta kasance mai tsabta. In akwai manhajar leƙen asiri mai naɗar abin da ake bugawa a kibod, za ta ɗauki faswod ɗin rumbun lokacin da kike sa shi, shi ya sa na nace a cire yara da samarin daga admin, kuma kafin ki fara komai ki bar Windows Security ta yi cikakken bincike. Sannan tunda kin ce Windows 10 ce, Microsoft ta tsayar da tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, ki duba Windows Update ki gani ko laftof ɗin za ta ɗauki Windows 11. Takardun wajen aikin kuma ki tambayi masu kula da kwamfutocinku ko an ma yarda a ajiye bayanan mutane a na'urar gida, wasu wuraren suna da doka a kan hakan.

Ummu_Nana ta rubuta:

Na gode ƙwarai dukkanku. Mun raba akawun ɗin da maigida, Home ce kamar yadda Injiniya ya zata kuma HDD ce. Na sauke VeraCrypt na yi rumbun gwaji na zuba hotuna marasa amfani don hannuna ya saba kafin in sa na gasken. Tambaya ta ƙarshe, in na kwafi dunƙulen zuwa filash na je wata kwamfutar da babu VeraCrypt, zai buɗu?

Injiniya_Bash ya rubuta:

A'a, sai da VeraCrypt a can ɗin ma. Akwai wadda ake ɗorawa a filash ba sai an girka ba, amma ita ma tana neman izinin admin kafin ta yi aiki, don haka a kwamfutar ofis ko ta wani ba lallai ta tashi ba. Takardar da kika san za ki buƙata a waje ki yi mata 7-Zip ko faswod ɗin Word daban, rumbun ki bar shi na gida.